2,5 ml oza nawa ne? Amsa ga ƴar uwar da yayanta ya aiko mata da magunguna daga Amurka

Wa'alaikumussalam ƴar uwa, ya jikin yaron, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. Tun jiya da dare na ga tambayarki amma mu ke da gardi, wato aikin kwana, a farmasi, ban samu zama ba sai yanzu da na dawo gida. Bari in maimaita abinda kika ce saboda masu karantawa da basu gani ba: yayanki ya aiko da kwali daga Amurka, ciki akwai siron zazzaɓi na yara an rubuta 4 fl oz a jikinsa, da wata ƴar mitsitsiyar kwalbar bitamin D, da bibron da gwangwanin madara, da ɗan kofin roba mai layi-layi an rubuta oz da tsp. Nan garin Tawa kuma lokotoro ya rubuta ma yaron wani siro 2,5 ml da wani maganin 0,5 ml, cokalin awon da ya zo cikin kwalin ya ɓata, shi ne kike so ki san 2,5 ml da 0,5 ml oza nawa ne don ki auna da kofin Amurka, kin tambayi salula ta baki 0.0845 kin rasa ta ina zaki kama, ita kuma inna tace a ɗauko cokalin shayi kawai a ba yaro.

Toh lissafin zan baki shi duka, tunda shi kika tambaya kuma ba wani abu ne mai wuya ba, amma dan Allah kafin ki gama karantawa kar ki zuba komi cikin kofin nan, kuma a ajiye cokalin inna tukuna.

fl oz ɗin da kike gani ita ce oza ta ruwa. Oza ɗaya ta Amurka 29,57 ml ce, mu a wurin aiki 30 muke ɗauka, su kansu Amurkawa a rubutun da suke yi jikin kayan abinci da abin sha 30 ml suke lissafa ta. Kenan in kina da mililitir kina son oza sai ki raba da 30, in kina da oza kina son mililitir sai ki ninka da 30, shikenan dukan sirrin. 2,5 ml in kika raba da 29,57 zai baki 0,0845, salularki bata yi ƙarya ba. 0,5 ml kuma 0,017 na oza. 1 ml 0,034 ne, 5 ml 0,17 ne wato kashi ɗaya cikin shida na oza, 10 ml sulusin oza, 15 ml rabin oza. Siron yayanki mai 4 fl oz kuma 118 ml ne, wasu kamfanonin su rubuta 120, ki juya kwalbar zaki ga sun sa shi kusa da oz ɗin.

Yanzu ki ɗauko kofin ki duba da idonki, ina layin 0,0845 yake? Babu shi, kuma ba za'a taɓa yin shi ba. Irin kofin nan duka-duka cikinsa oza ɗaya yake ci, layin oz mafi ƙanƙanta da zaki samu galibi rubu'i ne ko rabi, rubu'in oza kuwa 7,5 ml ne, ninki uku na abinda lokotoro ya rubuta. Oza ma'auni ne babba, an yi ta ne don madara da lemu da man girki, auna rabin mililitir da ita kamar mutum ne ya je kasuwa sayen yajin dala biyar yace a auna masa da tiya. Tiyar bata da laifi, ba aikinta bane.

Kuma ga inda abin yake bani tsoro, lamba in tayi tsawo bayan wakafi mutum yanke ta yake yi, haka zuciya take. 0,0845 sai ace toh 0,1 kenan. Maida 0,1 oza zuwa mililitir ki gani, kusan 3 ml, kin ƙara kashi 18 cikin ɗari a kan maganin yaro baki sani ba, kuma sau uku a rana har kwana bakwai. 0,017 sai ace 0,02, maida shi ya koma 0,59 ml, nan ma ƙarin kashi 18. In ko 0,1 ml ne, wanda muna ganin irinsa a magungunan jarirai sabbin haihuwa, a oza 0,0034 ne, wasu salulolin ma in lamba biyu kawai suke nunawa bayan wakafi 0,00 zasu rubuta miki kamar babu magani sam. Shi yasa ko a can Amurkar, ƙungiyar lokotocin yara tasu tun 2015 ta fito tace a daina rubuta maganin ruwa na yara da cokali, a rubuta da ml kaɗai kuma a auna da sereng. Masu ozar da kansu sun baro ta wajen maganin yara sun taho inda muke, toh mu me zai kai mu can.

Abinda zaki yi mai sauƙi ne: ki aika farmasi mafi kusa a sayo miki sereng guda biyu, ɗaya ta 5 ml ɗaya ta 1 ml, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. A cire allurar tun a wurin a jefa ta inda suke zuba allurai, kar ta shigo gida inda yara suke. Ta 5 ml ita ce ta siron 2,5, ta 1 ml ita ce ta 0,5 ɗin, don ta 1 ml siririya ce doguwa kamar biro, an raba ta layi-layi har ɗari, rabin mililitir a cikinta rabin tsawonta ne cif ko da hasken tocila zaki gan shi, amma in kika ce zaki ja 0,5 da babbar sereng ta 10 ml ɗan abu ne a can ƙasa, hannunki ya ɗan motsa kin tafi 0,8. Ka'idarmu kullum ƙaramar sereng da zata iya ɗauke maganin ita ake ɗauka. Wajen karantawa, baƙar robar nan da ke ciki tana da ɗan tsini a gaba, ba tsinin ake dubawa ba, zoben farko na robar wanda ke manne da bango ta wajen maganin shi zaki daidaita da layi. Ki girgiza kwalbar in irin mai kwantawa ce, ki ja fiye da abinda kike so kaɗan, ki ɗaga bakin sereng sama ki ɗan ƙwanƙwasa da farce iskar ta taru ki tura ta waje, sannan ki sauko kan layin. Yaro a zaune ko a jingine a hannunki, ba a kwance ba, ki sa bakin sereng ta gefen kumatu ki tura kaɗan-kaɗan yana haɗiyewa, kar a harba masa cikin maƙogwaro kuma kar a toshe masa hanci irin ɗuren da ake yi da, yaro yana shaƙewa ta nan. In an gama a zare ta a wanke da ruwa mai tsabta a shanya a inuwa. Zafin Tawa kin san shi, watan huɗu da na biyar roba kan yi tauri lambobin kuma su goge da wanki, da kin ga layi ya fara dushewa ki sake sabuwa kar ki tsaya kintace.

Sai maganar cokalin inna, kuma Allah ya saka mata da alheri don so ne ya sa ta faɗa, haka suka rene mu. A littafi ƙaramin cokali 5 ml ne, shi ne Faransawa ke rubutawa c.à.c, Amurkawa su rubuta tsp, in za'a bi diddigi nasu 4,93 ml ne amma a magani 5 ake ɗauka. Babban cokali 15 ml, c.à.s ko tbsp. Akwai na tsakiya mai 10 ml da tsofaffin ordonas na faransanci, wato takardun da lokotoro ke rubuta magani, ke ambata, a Ostireliya ma babban cokalinsu 20 ml ne. Kenan 2,5 ml naki rabin ƙaramin cokali ne a littafi. Amma cokalin littafi daban na kwandon kwanuka daban. Wata rana na tara ƙananan cokulan gidanmu da na maƙwabta a kan faranti, na cika sereng da ruwa ina ɗiga ma kowane har ya cika baki, wallahi wani 3 ml ya cika shi, wani siriri mai dogon hannu na shan yawur ko ukun bai kai ba, wani mai zurfi da aka kawo daga Makka ya sha kusan 7 bai zuba ba, kuma duka sunansu ƙaramin cokali. Toh in cikakken cokali ma haka yake, rabinsa fa? Cokali ƙasansa a tsuke yake samansa a buɗe, abinda ido ke gani rabi bai kai rabi ba, ga yaro na kuka yana ture hannu, wani ya zube a riga a ce bari a ƙara masa kaɗan.

Abinda ya sa bana wasa da wannan maganar, shekarun baya wata tsohuwa ta shigo mana da la'asar da jikanta a goye, ɗan wata goma sha, kansa ya langaɓe a bayanta sai barci yake, an tashe shi ya buɗe ido ya koma. Ta kwance bakin zane ta fiddo kwalbar siron mura da takardar ordonas duk ta naɗe, an rubuta 1 c.à.c, kwalbar da ya kamata ta yi fiye da mako kwana uku ta kusa ƙarewa. Nace inna da wane cokali kike ba shi, ta sa hannu a jaka ta fiddo shi, cokalin cin shinkafa ne, ta wanke shi tas ta naɗe a leda don na maganin jikanta ne shi kaɗai bata yarda kowa ya ci abinci da shi ba. An ce mata cokali ɗaya, ta ba da cokali ɗaya, bata saɓa ko sau ɗaya ba. Muka sa aka wuce da su likita nan take, Alhamdulillahi yaron ya tashi lafiya. Har yau in na tuna ledar nan jikina sanyi yake, don laifin ba nata bane, namu ne mu da muke miƙa kwalba ta saman kanta muce cokali ɗaya safe da yamma ba tare da mun nuna cokalin ba. Tun ranar duk siron yara da ya fita ta hannuna sai na ja layi da marka a jikin sereng nace nan zaki tsaya.

Kuma ki lura da kofin yayanki, tsp da tbsp harafi ɗaya ne tsakaninsu amma ɗaya ya ninka ɗaya sau uku, wani wurin ma ƙaramin t da babban T kawai suke sa wa. Mai karatun faransanci da ido ya saba da ml cikin sauƙi zai haɗe su.

Wani tarkon kuma wakafi da ɗigo. Mu a lakol an koya mana 0,5 da wakafi, su da ɗigo suke rubutawa 0.5, wakafinsu kuma na raba dubbai ne. Kenan in kika ga 1,000 a kwalbar Amurka dubu ɗaya ne ba ɗaya ba. Wani lokaci su rubuta .5 babu sifili a gaba, ɗigon ya ɓace a ido ki karanta 5, ninki goma kenan, ko a rubuta 5.0 ki karanta 50. In lokotoro ya rubuta miki da hannu kuma baki ga wakafin da kyau ba ki koma ki tambaye shi ko ki nuna ma mai farmasi, ba abin kunya bane, mu ma muna kiran su mu tambaya. In kuma kika ji ma'aikacin likita yace cc, cc ɗaya da ml ɗaya abu guda ne. cl kuma da ake rubutawa a butalin ruwa da na lemu 10 ml ne kowane ɗaya, 50 cl rabin litir.

Na san wani zai ce toh a ƙirga da ɗigo mana, ai ance ɗigo 20 ne ml ɗaya, 0,5 ml ɗigo 10 kenan. Gaskiya ne amma da sharaɗi: ruwa ne zalla, kuma da maɗigi na ka'ida wanda aka yi bakinsa da awo, kuma a riƙe shi tsaye kai a ƙasa. Girman ɗigo ya danganta da faɗin bakin abin da kuma irin ruwan, mai alkol ɗigonsa ƙanana ne ƙwarai sai ki ƙirga fiye da ninki biyu kafin ki kai inda ruwa ya kai, mai irin su man habbatussauda nasa daban, siro mai kauri nasa daban, ko karkata kwalbar kika yi ɗigon ya canza. Ko robar ƙarin ruwa da kike gani a likita ba iri ɗaya bace, ta manya ɗigo 20 take yi a ml, ta jarirai 60, a jikin ledarta ake rubutawa. Saboda haka in ordonas ta ce ɗigo, ki ɗiga da bakin kwalbar maganin kanta ko maɗigin da ya zo da shi, in ta ce ml ki ja da sereng, kar ki fassara ɗaya zuwa ɗaya da kanki.

Wannan ya kawo ni kan bitamin D ɗin nan, kuma a duk kwalin yayanki ita ce ta fi damuna duk da ita ce ƙarama. A Amurka abinda ake ba jariri a rana 400 IU ne, wato ma'aunin ƙarfin bitamin wanda faransanci ke rubuta UI, amma kwalaben iri biyu ne a kasuwarsu. Akwai wadda 400 ɗin ke cikin 1 ml cikakke, tana zuwa da maɗigi mai layi, kwalbarta kan kai 50 ml wato 1.7 fl oz. Akwai kuma wadda 400 ɗin ke cikin ɗigo ɗaya tak, ƴar kwalba ce kamar ɗan yatsa, wata 2,5 ml ce kacal an rubuta 0.08 fl oz, amma ɗigo wajen 90 ne a ciki, maganin wata uku. Kince taki mitsitsiya ce shi yasa gabana ya faɗi. In uwa ta ji wata ƙawarta tace ai 1 ml ake badawa, ta zo ta ja 1 ml daga irin ta biyun, ta ba jariri ɗigo sama da 30 a zama ɗaya, abincin wata guda kenan. Bitamin D kuma ba irin wanda jiki ke fitarwa da fitsari bane in ya yi yawa, taruwa yake a jiki ya ɗaga sinadarin kalsiyom a jini, yaro ya kama amai da ƙin nono da yawan fitsari, in aka daɗe ana yi ya taɓa ƙoda. Kar ki buɗe ta sai an karanta bayanta, kuma ki faɗa ma lokotoron yaron kina da ita, ta yiwu cikin abinda ya rubuta ma akwai bitamin D a haɗe sai ya zama biyu.

Siron zazzaɓin ma haka. In kika ga an rubuta acetaminophen a jiki toh parasetamol ne, suna ne kawai ya bambanta, kar a haɗa shi da namu na nan a ce magani biyu ne. Kuma ƙarfinsu ba ɗaya bane, na yara a Amurka 160 mg ne cikin 5 ml, namu da muka fi sayarwa 120 ko 125 mg ne cikin 5 ml. Ɗauki yaro mai kilo 8, ana lissafa 15 mg a kowane kilo, 120 mg kenan duk awa shida, da namu 5 ml ne, da na yayanki 3,75 ml. In kika ba shi 5 ml na Amurka don haka kika saba, ya sha 160, sau huɗu a rana ya zama 80 mg a kowane kilo alhali iyakar da muke bi 60 ce, parasetamol kuwa in ya wuce hanta yake ci a hankali ba tare da ya nuna da wuri ba. Kinga anan ko kin iya juya ml zuwa oz kamar ruwa bai tsare ki ba, don ml yawan ruwan kawai yake faɗa miki, mg shi ne maganin da ke ciki. Irin wannan ne ma ya sa bututun awo mai lambar kilo da ke zuwa da wasu siro na Faransa ba a ɗaukar na wannan a auna wancan, kowane an yanka layinsa ne daidai ƙarfin maganinsa.

Inda juyawar take da amfani da gaske shi ne ta ɗaya gefen, daga oz zuwa ml, a abubuwa masu ɗan yawa. Bibron ɗin misali, 2 oz 60 ml, 4 oz 120, 8 oz 240, yawancinsu ma in kika juya ɗaya gefen akwai ml. Amma ga wani abu da mata da yawa basu sani ba, madarar gwangwani da muka saba da ita nan ludayi ɗaya ne a ruwa 30 ml, ta Amurka kuwa akasari ludayi ɗaya ne a 2 oz wato 60 ml don ludayinsu ya fi girma. In kika yi mata haɗin da hannunki ya saba kin ninka kaurin madarar, jariri ya sha ƙishirwa ta kama shi cikin wannan zafin, ciki ya ɗaure, ƙoda ta wahala. Kowane gwangwani da ludayinsa da umarninsa, ruwa ake fara zubawa har layi sannan gari. In kuma nononki na isarsa kuma bai kai wata shida ba ni dai shawarata ki bar gwangwanin a rufe.

Zaki iya cin karo da oza ta biyu, ta Ingila, ita 28,41 ml ce, ta ɗan fi ta Amurka ƙanƙanta da wajen kashi 4 cikin ɗari. Asalin abin daga galan ne. Amurkawa sun riƙe tsohon galan na zamanin Sarauniya Anne wanda aka kafa a 1707, shi ne 3,785 litir, suka raba shi 128 kowane kashi oza ɗaya. Ingila kuma a 1824, bayan Amurka ta daɗe da ɓallewa, suka sake sabon galan babba mai 4,546 litir suka raba shi 160. Sai galan ɗin Ingila ya fi girma amma ozarta ta fi ƙanƙanta. Mu kuma litir muka gada ta hannun Faransa, su suka kafa shi a doka tun 1795, komi goma-goma ɗari-ɗari, litir ɗaya ml dubu, ba sai an haddace 128 ko 160 ba. A ƙananan awo irin naki bambancin ozojin biyu ba abin damuwa bane, 5 ml 0,169 ne a ta Amurka 0,176 a ta Ingila, sai an kai ga bido da tano yake fitowa. Wanda ya fi muhimmanci ki rarrabe shi ne oz da ba fl a gabanta, wannan nauyi ne 28,35 giram, ba yawan ruwa ba. A ruwa kusan ɗaya suke, amma zuma oza ɗaya ta ruwa ta haura giram 40, mai kuma bai kai nauyin ruwa ba. Tunda na ambaci zuma, ba a ba yaron da bai shekara ba ko lasawa ne.

Su ma da can suna da ƙananan ma'aunai na masu haɗa magani, dram wanda yake kashi ɗaya cikin takwas na oza, 3,7 ml, da minim wanda yake wajen 0,06 ml, 480 ne ke yin oza ɗaya ta ruwa. In dole sai an faɗi 0,5 ml da harshensu toh minim 8 ne, amma yau ko a can ba mai rubuta ordonas da shi. Dram ɗin dai masu sana'ar turare zasu gan shi in suna odar ƙananan kwalabe ta intanet, kwalbar dram ɗaya 3,7 ml take ci ba 3 ba, kar a haɗa ta da kwalaben turaren mai na Dubai masu 3 da 6 da 12 ml waɗanda ake kira rubu'in tola da rabin tola da tola. A turare da man shafawa raba da 30 ya wadatar, 1 fl oz 30 ml, 1.7 fl oz 50 ml, 3.4 fl oz 100 ml, wannan ɗari ɗin ce ma iyakar kwalbar da ake bari a shiga da ita jirgi a jakar hannu a yawancin filayen jirgi. In an yi kuskuren rabin mililitir a humra ba wanda zai kwana likita.

Masu kiwo da ke karantawa ku ma ya shafe ku, na sha ganin an zo sayen ibamektin ta allura a ce za'a yi ma ɗan rago da marfin kwalba ko da babbar sereng ta shanu. Mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari 1 ml ne a kilo 50, tunkiya mai kilo 25 rabin ml kenan, ƙaramar sereng ita ma take so, kuma a nemi ma'aikacin dabbobi ya kimanta nauyin.

In dare ya yi miki yau ba a samo sereng ba, ki duba kofin da kyau a haske, da yawansu akwai ml a ɗaya gefen ko layin 1/2 tsp, in akwai shi toh wannan 2,5 ml ne, ki aje kofin kan tebur ki sunkuyo idonki ya yi daidai da layin ki zuba, sau ɗayan nan zai wadatar kafin safe. In layin 1 tsp ne mafi ƙanƙanta kar ki kintaci rabinsa. 0,5 ml ɗin kuwa kofi ba zai auna shi ba ko wane iri ne, a tura yaro da moto farmasin gardi, kullum akwai wadda ke buɗe.

Ki ɗauko min hoton bayan kwalbar bitamin D ɗin da na siron zazzaɓin, inda aka yi ƙananan rubutu, da hoton ordonas ɗin ki rufe sunan yaron da yatsa, ki faɗa min watanninsa da kilonsa na awon ƙarshe da aka yi masa, sai in faɗa miki layin da zaki tsaya a kowace sereng. A gaida inna, ki nuna mata sereng ɗin ita ma ki bari ta ja da hannunta sau ɗaya ko biyu da ruwa, tunda ranar da kika fita ita zata ba shi.